Rabon Begum

Duk ɗan jaridar da ya zo gidana, da ya shanye min shayi ya cinye biskit, tambayarsa ɗaya ce: "Nuzhat Apa, cikin duk abin da marigayi Mukarram Zubairi ya rubuta wa talabijin, wanne ya fi?" Sai in ce masa wanda ya fi bai gani ba, uwarsa ba ta gani ba, ƙasar ma duk ba ta gani ba. Sai ya yi murmushi, a zatonsa tsufa ne ya fara taɓa ni. To ba tsufa ba ne. A gabana aka yi, kuma har yau idan na tuna sai haushi da daɗi su haɗe min wuri ɗaya.

Lokacin soja ke mulki, tashar talabijin kuma ɗaya ce tak. Shirinmu, Ɗakin Jira, ranar Juma'a bayan magariba ake nuna shi, kuma da an fara Karachi sai ta yi tsit. Masu riksho, keken haya mai ƙafa uku, su ajiye a bakin shagon shayi, masu biki su jinkirta kawo ango, likita ma in ba ka suma ba sai ka jira. Shirin ba wani abu ba ne illa ɗaki ɗaya a wani ofishin gwamnati, inda mutane ke jiran Babban Sahib, wanda bai taɓa zuwa ba. Abokin wasana Saghir ne ke sauya kama duk mako ya shigo da sabon ƙorafi. Mukarram da kansa ke yin masinjan da ke tsare ƙofa. Ni kuwa tsohuwa ce da ta zo a buga mata tambari tun tana amarya. Tun ban cika talatin ba Mukarram ya sa aka shafa min furfura, ya bar ni da ita shekara da shekaru, har da tsufan gaskiya ya zo ba wanda ya lura.

Mukarram dogo ne siriri, fuskarsa kullum kamar yanzu aka sanar da shi rasuwa. Ban taɓa ganin ya yi wa abin da ya rubuta dariya ba. A rediyo ya fara, yana rubuta wa manoma shawarar taki da maganin ƙwari, har aka gano manoman ba takin suke saurare ba, cikinsu suke riƙewa. Shi ne aka turo mana shi don rediyo ta huta. A kantin cin abincin tasha yake rubutu, takarda a kan gwiwa, shayi na hucewa a gefe, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi ya yi magana to ya kuka da kansa, don makon gobe zai ji ta a bakin Saghir.

Kafin a ɗauki kowane shiri sai an kai wa jami'in tacewa ya amince. Namu jami'in shi ne Mirza Inayat Baig. Gajere ne mai tumbi, kullum cikin baƙar falmaran, da gwangwanin azurfa cike da ƙullin paan, ganyen taunawa mai rina yawu ja, a aljihu, da kaskon tofi a gefen kujera. Ranar Laraba bayan azahar muke zuwa ofishinsa, ni da Saghir da furodusa mu jeru a benci, Mukarram ya karanta masa rubutun da baki. Ma'aikatar ta aiko masa da dokoki masu kaurin bulo, amma da su yake tokare taga. Shi dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɓoye ta.

"Zubairi Sahib," in ji shi, "duk abin da ya ba ni dariya zai ba jama'a. Jama'a kuwa a wannan zamanin ba sa dariya haka kawai, akwai wanda suke yi wa. In na yi dariya, na soke. In ban yi ba, ka tafi da kayanka."

Abin takaicin shi ne Allah bai halicci mai saurin dariya kamarsa ba. Ga shi kuma a majalisar mawaƙa ya tashi, inda in an faɗi baiti mai daɗi rashin tarbiyya ne ka yi shiru, dole ka ɗaga hannu ka yaba, ka nemi a maimaita. Da Mukarram ya kai wurin da ya yi zaƙi sai ka ji Mirza Sahib ya buga tebur.

"Wah! Wah! A sake, don Allah a sake!"

Mukarram ya sake, fuska a murtuke.

"Subhanallah! Kai wannan alƙalami naka ya kamata a sumbace shi." Sai ya share hawaye, ya zaro jan fensir. "Ka yi min afuwa, bawanka ne ni." Ya ja layi a kai.

"Ai ni ne bawanka, Mirza Sahib. Allah ya ƙara wa fensirinka kaifi, ya raba shi da karyewa, ko da a cikin aljihunka ne ka zauna a kai."

"Amin, amin. Wah, wannan ma da a rubuce take da na soke ta."

Haka suke, shekara fita shekara shiga, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya, ba kuma ranar da Mukarram bai fito yana huci ba.

Ba dabarar da bai yi ba. Ya koyi karatu da muryar mai sanarwar jana'iza, ba hawa ba sauka, har ni da na san abin da ke ciki sai in fara hamma. Ya taɓa jan Mirza Sahib cin nihari, wani farfesu mai maiƙo, da rana tsaka, ya ɗura masa romo da ɓargo don ya yi gyangyaɗi. Mutumin ya yi gyangyaɗin kuwa, ya yi dariyarsa cikin barci, ya farka yana laluben fensir. Ya taɓa sayo masa paan mai girman dunƙulen hannu, wai baki in ya cika ba ya dariya. A ranar farar rigar Mukarram ta koma gida da ɗigon ja tun daga wuya har gwiwa, matarsa ta fasa ihu a zaton harbinsa aka yi.

In za a faɗi gaskiya, shi ma Mirza Sahib yana ƙoƙari. Ba ya son sokewar, yana son mu. Yakan ɗaure fuska, ya kafa wa silin ido, ya cije leɓe. Amma akwai wani maɓalli a falmaran ɗinsa, daidai kan cibiya, wanda bai iya ƙarya ba. Da dariya ta taso, tun kafin ta kai fuska, sai maɓallin ya fara rawa. Mu uku a benci ba fuskarsa muke kallo ba, maɓallin muke kallo, furodusa na jan carbi.

Ni na gano inda abin da aka soke yake tafiya. A bikin 'yar wani mai kyamararmu ne, ina zaune a ɓangaren mata ina fama da ƙashin kaza, sai wata 'yar dunƙulalliyar dattijuwa mai tabarau ta kama min hannu, ta karkatar da kai yadda nake yi a shiri, ta kwaikwayi muryata tsaf: "Yaro, kunna min rediyo in ji ra'ayina na yau."

Ƙashin ya kusa sarƙe ni. Wannan layin ba a taɓa nuna shi ba, tun watan jiya aka soke shi.

"Baiwar Allah, a ina kika ji wannan?"

"A tsakar gidana mana. Ni ce Sughra, matar mai fensir." Ta kama baki tana dariya, duk jikinta na girgiza. "Ranar Laraba ko takalmi ba na bari ya cire sai na ce, me ka yanko min yau? Sai ya tsaya a tsakar gida ya kwaikwaya min komai. Ya yi Saghir, ya yi masinja, in ya zo kanki har mayafina yake yafawa. 'Yar uwa, Allah bai ba mu haihuwa ba, amma ya ba mu Laraba."

Washegari na kai wa Mukarram labari a kanti. Ya ajiye alƙalami, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna.

"Wato ni tela ne, Apa. Ina ɗinka wa ƙasa guda riga, amma mafi kyawun yadin yana tafiya gidan mai almakashi! Mutum biyu! Duk wahalar da nake sha, mutum biyu ke cin daɗin, ɗaya ma ko ganinta ban taɓa yi ba!"

Ya yi ta juya cokali a shayin da ya riga ya huce. Can ya ɗago.

"Ta yi dariya sosai?"

"Har da riƙe ciki."

"A ina ta fi yi? Wajen rediyon ko wajen da ya biyo baya?"

Marubuci ke nan. Ko a bakin kabari ka yabe shi sai ya tambaye ka wane shafi.

Tun daga makon nan, duk rubutun da zai kai sai ya saka abu ɗaya da ya san ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai wuce ba. Mu muke kiransa rabon Begum, wato rabon uwargida Sughra. Ya ce mana wai dabara ce, in Mirza Sahib ya sami babban abin sokewa sai ya ji ya yi aikin gwamnati, ya sassauta wa sauran. Dabarar ta yi aiki, ba na musu. Amma ni na ga yadda yake ɓata rabin mako a kan rabon nan, sauran shirin kuwa ya rubuta shi a zama ɗaya.

Ita ma Begum ta gane. Wata Alhamis sai ga kwano mai hawa uku an kawo kanti, ba saƙo ba komai, an ce dai na Zubairi Sahib ne. Aka buɗe, halwar karas ce, irin alewar da ake dafawa da madara, da zafinta, man shanu na ƙyalli a kai. Mako na gaba kuwa sai ga garahuni, an soya shi ba tare da an cire masa ɗacin ba ko kaɗan. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. In rabo ya yi daɗi halwa, in ya yi lami garahuni. Jaridu su yi ta yabon Mukarram, ko kallo ba ya yi, gyaɗa yake ƙunshewa da su. Amma ranar garahuni kada ka kuskura ka gaishe shi. Akwai lokacin da garahuni ya zo mako biyu a jere, ya rantse zai koma rediyo ya ci gaba da maganar taki. Shi da Mirza Sahib kuwa ba wanda ya taɓa ta da zancen kwanon nan, sai dai kwano ya koma a wanke.

Ana haka Sughra Begum ta rasu. 'Yar gajeriyar jinya ta yi, ba wanda ya zata. Mun je ta'aziyya, na ga tsakar gidan da ake kwaikwayon wasanmu, ɗan ƙarami ne, da igiyar shanya da kujera ɗaya ta kaba. Na yi kuka sosai, ni da sau ɗaya tak na taɓa ganinta.

Bayan sadakar arba'in Mirza Sahib ya dawo aiki. Falmaran ta yi masa yawa. Ba gwangwanin azurfa, don ita ke ƙulla masa paan da hannunta kowace safiya, kaskon tofi ma an tura shi ƙarƙashin kabad. Ya gaishe mu da ladabinsa na kullum, ya zauna, Mukarram ya karanta. Muka kafa wa maɓalli ido har aka gama, ko motsi. Ya jawo tambari ya buga.

"Ba laifi. Allah ya ba da sa'a."

Mako na biyu haka, na uku haka. Komai wucewa yake yi. Furodusa ya sayo kwalin kayan zaƙi ya raba wa har masu shara. Shirin ya fita ba yanka, mutane suka riƙa tsayar da Saghir a hanya suna tambayarsa ko ya shirya jakar gidan yari. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, shekaru muna jiran ranar da za a bar mu mu buɗe baki. Mukarram ne kaɗai ya ƙara murtukewa. Hannunsa ya saba, bai daina saka rabon Begum ba, sai ga rabon yana fita a talabijin, kowa da kowa na ji. Matarsa ta ce min ranar farko da ya gani tashi ya yi ya kashe akwatin.

To akwai wani rubutu da ya daɗe a aljihun teburinsa, labarin dashen Minista. Bai taɓa kai shi tacewa ba, don ya san ko shafin farko ba zai tsira ba, kuma ba ya so a taɓa masa shi. Mu 'yan wasa mun haddace shi tas, don duk ranar da ya ji duniya ta yi masa zafi sai ya karanta mana a kanti. Ya sha gaya min, "Apa, duk sauran tarkace ne. In za a tuna da ni, da wannan nake so a tuna." Ga Babbar Sallah ta ƙarato, an ba mu sa'a guda cur ta shiri na musamman, ranar da kowane gida ke gaban akwati.

"Mukarram Bhai, yanzu ne fa," in ji Saghir. "Mutumin nan ko takardar ƙosai ka miƙa masa tambari zai buga. Wata biyu masu zuwa su kawo wani mai kakin soja, shi ke nan ƙofa ta rufe."

"Gaskiya ya faɗa," na ce. "Ka karanta masa da muryar jana'izar nan taka, mu fito lafiya. Kada ka yi mana wani iya yi."

Ranar Laraba kuwa sai ga shi da rubutun a hammata.

Garin duk ya cika da kukan awaki, har a bakin ƙofar tasha an ɗaure wani bunsuru yana cin sanarwar da aka manna a bango. Muka jeru a benci. Mukarram ya gyara tabarau ya fara, murya a shimfiɗe. Mirza Sahib na kallon taga. Bai ma bari a gama shafin farko ba, hannunsa ya riga ya tafi kan tambari, ya ɗora ya bar shi a wurin yana jira. Furodusa ya matse min hannu don murna. Saura kaɗan.

Sai Mukarram ya dakatar da karatun. Ya daɗe yana kallon hannun nan da ke kan tambari, hannun da a da yake buga tebur har kofuna su yi tsalle. Ya cire tabarau ya ninke.

"Mirza Sahib, ka gafarce ni. Na yi wa rubutun nan rashin kunya, na kuma yi maka. Ba haka ake karanta shi ba." Ya juyo. "Saghir, ɗauko tukunyar furen can ta kan taga. Apa, yafa mayafi."

Furodusa ya kai masa shuri ta ƙarƙashin tebur, ya sami ƙafar tebur.

"Mukarram Bhai, ka haukace ne?" na ce ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe. Yafa."

Wallahi ji na yi kamar in rufe shi da duka. Na yi niyyar in yi wasan a lalace don in cece shi daga kansa. Amma da mayafi ya hau kai, bayana ya ranƙwafa da kansa, muryar tsohuwa ta zo, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamara ya san ba a iya ɓata abu mai kyau da gangan.

Saghir ya fita ya sake shigowa rungume da tukunya, yana tafiyar wanda ya kwana a bayan mota. Mukarram ya tare ƙofa, ya zama masinja.

"Wa ke da ƙorafin, kai ko shi?"

"Shi ne, ranka ya daɗe, ni rakiya na yi. Ni mai lambun ma'aikata ne. Kullum da safe Minista ya dasa shi a gaban kyamara, da la'asar mu tone shi mu ɗora a mota, gobe sai wani gari. Ya ga Lahore, ya ga Quetta, ya ga Peshawar, bai taɓa kwana a ƙasa ba. Roƙonsa a bar shi wuri ɗaya ya yi saiwa."

"Ba a yi masa alkawari ba?"

"An yi. An ce nan da wata uku."

"Yaushe aka ce?"

"Yana ɗan ganye biyu a lokacin."

Duk ƙasar ta san wane abu ne kuma aka ce za a yi nan da wata uku, shekaru suka shuɗe ba a ga akwatin zaɓe ba. Na saci kallon maɓalli, yana nan a kwance. Amma idon Mirza Sahib ya bar taga.

"Sau nawa aka dasa shi?" in ji masinja.

"Mun daina ƙirga. A takarda dai shi kaɗai daji ne, ranka ya daɗe. Har an ɗauki masu gadin daji an saya musu bindigogi. Bara gobara ta tashi a cikinsa, aka ba da kwangilar kashewa. Bana kuma an ba wani baƙo daga ƙasar waje izinin farautar damisa."

Nan ne wurina. Na yi wuf na janye ƙullin kayana, na ɗage ƙafafu na haye benci, na cire takalmi ɗaya na riƙe ina leƙen 'yan ganyayyakin nan guda biyar.

"Kai ɗan nan, ba ka da tsoron Allah? Ka shigo mana da daji ɗakin jira, da damisa a ciki, ga mu tsofaffi ba ma iya gudu!"

Maɓalli ya motsa. Na gani da idona, sau ɗaya, kamar ƙiftawa. Mukarram ma ya gani. Ya juyo gare ni da fuskar nan tasa ta ta'aziyya, ya ɗaga hannu a hankali.

"Kwantar da hankalinki, Iya. Damisar ma layi za ta bi."

Wani sauti ya fito daga hancin Mirza Sahib kamar an buɗe kwalbar lemo. Ya toshe baki, bai toshu ba. Tumbin da ya rage masa ya kama rawa, ya kifa kai a tebur, ya ɗago, ya ɗaga hannu sama.

"Wah! Wah, Zubairi Sahib! Layi za ta bi! A sake, don girman Allah a sake!"

Muka sake. Muka ƙarasa masa shi har ƙarshe, har inda aka yi wa dashen ƙarin girma aka mai da shi kujera. Ya yi dariya har tabarau ya faɗi. Sai kuma dariyar ta juye, ba mu san daidai inda ta juye ba, kafaɗunsa dai na girgiza amma sautin ya sauya. Saghir ya mai da tukunya kan taga ya tsaya yana gyara mata ganye. Ni na ja mayafi na rufe fuska, kuma ba wasa nake yi ba.

Da ya natsu ya share ido, ya fara laluben aljihu. Ya duba na falmaran, ya duba na riga, ya jawo aljihun tebur. Ba fensir. Tun da ya dawo bai ƙara zuwa da shi ba. Sai Mukarram ya sa hannu a aljihunsa ya zaro jan fensir sabo fil, an riga an fiƙe shi, ya miƙa da hannu biyu. Furodusa ya yi wani nishi ya zame a kan benci.

"Zubairi Sahib, tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin kamarsa ba," in ji Mirza Sahib. "Ko wasali ɗaya ba zai fita ba."

"Bawanka ne ni."

Ya bi shafi-shafi yana jan layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, a tsanake, kamar mai yanka alkaki. A shafin ƙarshe ya tsaya, bai ɗago ba.

"Ka san da ka bar ni da tambarina..."

"Na sani."

Mun kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Nuzhat Bibi, wajen damisar nan. Ƙafar hagu kika fara ɗagawa ko ta dama? Takalmin kuma kafin ki hau bencin ne ko bayan kin hau?" Ya ɗan sunkuyar da kai. "Gobe Alhamis. Ba na so in ɓata mata shi."

Da yammacin Alhamis ne ake zuwa maƙabarta da furen wardi da butar ruwa. Na koma na hau benci na nuna masa, na sauko na sake nunawa, yana bina da tasa gajeriyar ƙafar har ya iya.

Ranar Sallah tsohon shiri muka maimaita, aka cike sauran lokacin da waƙoƙi. Jaridu suka ce rijiyar Mukarram Zubairi ta ƙafe, furodusa ya yi wata guda ba ya amsa masa sallama. Ba a daɗe ba aka kawo sabon jami'i, wanda ke karanta dokokin nan masu kaurin bulo kuma ba ya dariya ko an yi masa cakulkuli. Bayan soja sun tafi, tashoshi suka yi yawa, ba wadda ba ta roƙi Mukarram dashen Minista ba. Amsarsa ɗaya ce har ya koma ga Allah: an riga an kai wa mai shi. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, don da kun gani da kun san abin da nake faɗa.

Amma ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Larabar nan, muna zaune a kanti, sai ga kwano mai hawa uku an ajiye a gabansa. Ya daɗe kafin ya buɗe. Halwar karas ce, in dai za a kira ta haka: karas ɗin rabi ɗanye, sukari ya yi mata yawa, ƙasan kuma ya ƙone ƙurmus, kana gani ka san namijin da bai taɓa hura wuta ba ne ya tsaya a kanta. Saghir ya miƙo hannu zai ɗanɗana, Mukarram ya buge hannun da cokali. Ya jawo kwanon gabansa ya cinye shi kaɗai, muna kallo, har ƙanzon ya kankare.